Fentin mota a Dubai da Kano: tsumman safe ne ke cinye kuɗinmu

Motar da na saya wa Yayana a kasuwar motoci ta Al Aweer da ke Dubai, kafin a loda ta a jirgin ruwa sai da na kai ta wani gareji a unguwar Al Quoz aka yi mata siramik, wato ruwan nan da ake shafa wa fenti ya bushe ya zama siririn gilashi a kansa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma na biya domin na san zafin ranar Kano. Ba ta cika shekara biyu a gida ba Yaya ya kira ni rai a ɓace. Ya ce, "Auta, an cuce ka. Abin da ka ce an shafa ɗin nan babu shi babu dalilinsa, bonet duk ya dushe." Ya turo mini bidiyo, ni kuma na ɗauka na tafi garejin in ji ba'asi.

Mai aikin, wani ɗan Filifin, ya karɓi wayar ya kalla. Bonet ɗin ko a jikinsa. Abin da ya tsayar masa da ido shi ne maigadin gidan Yaya da ya fito a gefen hoton, da sassafe cikin hazo, yana goge ƙofar motar da busasshiyar tsohuwar singileti. Ya mayar da bidiyon baya, ya kira abokan aikinsa suka taru a kan wayata. Ya tambaye ni ko kullum haka ake yi mata. Na ce kullum, kuma kowa a garinmu haka yake yi. Wani daga cikinsu ya yi dariya, wani ya dafe kai. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar nan, domin ba maigadin kaɗai suke kallo ba, al'adar garinmu gaba ɗaya suke kallo.

Mutumin bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya burge ni. Ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai girman waya ba, ya ɗora a jikin wata mota, lamba ta fito. Fentin da kamfani ke yi wa mota, tun daga na farko mai hana tsatsa har zuwa farin ruwan sama mai ƙyalli, duka kaurinsa tsakanin maikuron 100 ne zuwa 180, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wannan na saman, wanda shi ne ke tare rana, bai wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin silin gashin kai ba. Siramik ɗin da muke zuba wa kuɗi kuwa maikuron ɗaya ne zuwa biyu. To ku dubi abin da muke gogawa a kansa. Ƙurar hunturu da ke rufe Kano daga Nuwamba zuwa Maris, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri. Busasshen tsumma a kan wannan ƙura samfefa ne, ba wani abu ba. Kowace safiya ana kankare motar da sunan tsafta.

Dubai ma garin ƙura ne, zafinsu kuma ya fi namu, ga gishirin teku a iska. Amma za ka ga motar da ta shekara goma fentinta lafiya lau. Abin da suke shafawa yana taimakawa, sai dai kowanne da iyakarsa, kuma mai garejin kirki zai faɗa maka tun kafin ka biya. Kakin goge mota, wanda mai kyansa daga ganyen wata bishiyar Burazil ake samo shi, makonni ne zuwa wata biyu ko uku, a zafi irin namu ma bai kai haka ba. Man kariya na roba yakan kai wajen wata shida. Siramik mai kyau shekara biyu zuwa biyar, in an kula da shi. Aikinsa shi ne ruwa ya zame, datti ya ƙi kamawa, rana ta rage cin fenti. Ba ya hana tsakuwa fasa fenti, ba ya hana ɗan Adaidaita Sahu ya goge ka a Kofar Nasarawa. Mai wannan aikin ita ce ledar kariya da ake manna wa a kan fenti, mai kaurin maikuron 150 zuwa 200, wadda kamfanin 3M ya fara yi wa sojan Amurka don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu lokacin yaƙin Biyetnam. Manyan kamfanoninta suna ba da garanti har na shekara 10, kuma ƙananan zane-zanen da suka same ta kan ɓace da kansu in ta sha zafin rana. Mai arha kuwa sai ta yi rawaya ta tsattsage.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Akwai masu tallar ƙarya a nan ma, masu rubuta 9H a kwalba su ce maka fenti ya zama ƙarfe, alhali ma'aunin taurin fensir ne kawai. Tsada kuwa ba a magana, lulluɓe mota gaba ɗaya da leda ya isa ya sayi wata ƙaramar mota a gida. Ba ka da ikon ɗebo bokiti ka wanke motarka a bakin titi, kuma in ka bar ta da datti a wurin ajiye motoci na jama'a hukumar birni na iya cin ka tarar dirhami 500. Garantin siramik ɗin ma da sharaɗi, sai ka riƙa mayar da motar ana duba ta duk shekara, in ka ƙetare ya lalace. Wurin wankinsu babu hira, babu wanda ya san ka. Nakan tuna da wajen wankin da nake zuwa a Zoo Road, ana wanke motar kana kan benci da kofin shayi, ana muhawarar Kano Pillars, yaron ya gama ka ba shi abin da ya samu ya yi maka addu'a. Ina kewar wannan ƙwarai.

Amma kewa ba za ta hana ni faɗar gaskiya ba. Yaron nan omo yake zubawa a bokiti, sabulun da aka yi don cire maiƙo daga tufafi, wanda ke wanke kaki tas ya kuma rage ƙarfin siramik. Da soso ɗaya yake wanke taya ya hau da shi kan bonet. Da tsakar rana yake wankin, lokacin da jikin baƙar mota kan haura digiri 70, ruwan burtsatse ya bushe nan take ya bar ɗigo-ɗigon gishirinsa ya ci cikin fenti. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya koya masa, kuma mu masu motocin ba mu tambaya. Abin da ake yi a nan Dubai ba sihiri ba ne: a fara kwara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa, sabulun mota na musamman, bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soson, tawul mai laushi na maikurofaiba, a inuwa. In an shafa siramik a bar motar mako guda ba wanki. Kashin tsuntsu da ƙaron darbejiya kuma a cire su ranar da suka zuba, domin inuwar da muke rububin ajiye mota a ƙarƙashinta ita ma tana da nata ɓarnar.

Sai kuma ɗabi'ar kai mota a yi mata folish duk Sallah. Ƙyallin da kuke gani bayan injin ya wuce, fatar fentin ce aka kankare, kuma ba ta tsirowa. In an maimaita sau da yawa sai farin ruwan ya ƙare, rufin mota ya fara saɓa, daga nan sai fenta. Fentocinmu da dama suna da hannu, na ga aikinsu, amma wanda ke fesa fenti a fili iska na kaɗo ƙura, ya zai yi daidai da mai ɗakin fesawa rufaffe? Leda ma in aka manna ta a kan irin wannan fentin, ranar cire ta tana iya tasowa da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cinikin mota. Dillali zai rantse maka fas bodi ce, ka shafa hannu ka ƙwanƙwasa, ka yarda. A Al Aweer masu saye da yawa da na'urar auna fentin nan suke yawo a aljihu, kuma ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Duk mai sana'ar mota a Kano ya kamata ya mallake ta, 'yan kasuwar Kofar Ruwa kuma su riƙa kawo ta. Ka fara ɗora ta a rufi da cikin bakin ƙofa ka ga lambar asali, sannan ka bi kowane ɓangare. Inda ta haura 250 galibi an sake fenti, inda ta doshi 1,000 akwai fila, wato abin cike lotsewa, a ƙasa. A kan bamba ta roba kuwa ƙaramar na'urar ba ta karantawa, can sai ka duba da ido a hasken rana.