Sabon bugu, na hannu ko na waya: yadda mai karatu a Tawa zai zaɓi littafin da zai saya

Duk inda ma'abota karatu suka haɗu a Tawa, ko a fada ce bayan sallar isha'i ko a zauren WhatsApp, ba a jimawa sai wani ya ambaci littafin da ya gama a makon, ya ce lalle kowa ya neme shi. Shawarwari ba su ƙarewa, amma abin da ma'aikaci ko ɗalibi yake iya warewa domin littafi a ƙarshen wata kaɗan ne, kuma yawancin abin da muke karantawa daga nesa yake zuwa, ko dai daga Yamai, ko daga Sakkwato ta hanyar Ƙonni, ko daga Kano ta hanyar Maraɗi. Saboda haka bayan mutum ya san sunan littafin da yake so, akwai sauran tambaya a gabansa: shin wannan littafi ya cancanci a saye shi sabo a takarda, ko a nemi na hannu, ko kuwa ya isa a karanta shi a waya a wuce? Ra'ayina shi ne kuɗin takarda ya tafi ga littafin da za a sake buɗewa, a ara wa ƙane, a bar wa ɗa. Sauran kuwa suna da hanyoyin da suka fi sauƙi.

A sahun farko na waɗanda suka cancanci takarda akwai tsofaffin littattafan Zariya. Gasar rubutu da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. Wanda yake da kuɗin abu ɗaya kawai, Magana Jari Ce ya kamata ya fara saya, domin labaran da aku yake bayarwa a ciki gajeru ne, kowane yana tsaye da ƙafarsa, ana iya karanta wa yara ɗaya da dare a rufe, kuma babba yana tsintar Hausar da ya daɗe bai ji ba. Shaihu Umar ya fi shi nauyi a zuciya, labari ne na bauta da rabuwar uwa da ɗa da ƙetare Sahara, kuma mutumin da ya tashi a bakin hanyar Agadas zai karanta shi da wata fahimta ta daban. Waɗannan ba su da kauri, ba su da tsada in an gwada su da littattafan da ake bugawa a Turai, musamman ga mai sefa a hannu tun bayan faɗuwar darajar naira, kuma kamfanin NNPC na Zariya ya sha sake buga su.

Sai dai a nan ne kuma aka fi yin bugun sata, domin littafin da makarantu suke nema shi ɓarayin bugu suke bi. Araha ba ta ado, kuma a littafi illar tana fitowa ne bayan an kai gida. Kafin a biya, a buɗe tsakiyar littafin a duba baƙaƙen. Idan tawada ta yi dishi-dishi, ko lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ta shafe har ba a bambanta su da k da d da b, to hoton wani bugu aka ɗauka aka sake bugawa. A dubi zane-zanen, waɗanda a bugun sata sukan zama baƙin dunƙule, sannan a bi lambobin shafuka da yatsa, domin sau da yawa akan tsallake wasu ko a maimaita su. A ƙarshe a lanƙwasa bayan littafin a hankali. Wanda aka ɗinke da zare yana jure zafin watan Afrilu da Mayu, amma wanda aka manne da gam mara kyau yakan bushe ya tsage, shafuka su fara zubewa tun ba a kai rabi ba. Mai kanti na gaskiya ba ya hana a yi wannan dubawa.

Littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, hukuncinsu daban ne. An buga su ne domin a sayar da arha a karanta da sauri, takardarsu sirirriya ce irin ta jarida, kuma labari ɗaya akan raba shi kashi biyu ko uku ko fiye. Tarkon da ke ciki sananne ne ga duk wadda ta taɓa bin su: a sayi na ɗaya da na biyu, a zo wurin da labari ya ɗauki zafi, na uku kuwa ya ɓace daga kasuwa. Don haka kada a biya kuɗin kashi na farko sai an ga na ƙarshe a hannun mai sayarwa. Daga cikinsu akwai ƴan kaɗan da nake ganin sun wuce karatun lokaci ɗaya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama ma'aunin da ake gwada labaran soyayya na wancan zamani da shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin matar da mijinta ya wulaƙanta ya kora da ƴaƴanta saboda amarya, ya kai ga an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012, kuma littafi ne da ya kamata maza su karanta kamar yadda mata suke karanta shi. Wanda ya ci karo da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya riga waɗannan fitowa tun 1980, ya saye shi ko da na hannu ne, domin samunsa ba kullum ba ne.

Yawancin sababbin labarai yanzu ba su bi ta maɗaba'a, a waya ake rubuta su, a waya ake sayar da su, ta WhatsApp da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Amfanin wannan hanya a fili yake ga mazaunin Tawa: babu jiran direba, babu kuɗin mota, kuma wanda bai iya karatun boko sosai ba yana iya sauraro yana aikinsa. Amma akwai kuɗin da ba a lissafawa, wato na intanet da na caji, ga gajiyar ido a kan ƙaramin gilashi. Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar mu mutanen Nijar. Marubutan intanet da yawa suna cusa jimlolin Ingilishi a tsakiyar zance, musamman idan taurarin labarin ƴan boko ne masu kuɗi, kuma wanda ya yi lakwal da Faransanci yakan tsinci kansa yana tsallake layuka. Ban da wannan, galibin rubutun bai bi ta hannun mai tacewa ba, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da lanƙwasa, har yaron da ya saba da shi ya ɗauka haka ake rubuta Hausa. Mafi yawan marubutan sukan saki shafukan farko kyauta, to a yi amfani da wannan dama a auna harshen kafin a tura kuɗi, kuma a tambaya ko an kammala labarin, domin akwai waɗanda aka biya aka shiga zaurensu, marubuciya ta tsaya a tsakiya.

Abu biyu nake so a riƙe game da sayen littafin waya. Na farko, abin da ke cikin manhaja ba mallakar mutum ba ne kamar wanda ke cikin akwatinsa. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a cikinta, ta rufe a ƙarshen 2023, kuma duk wanda ya canza waya ko aka sace masa ita ya san yadda tarin shekaru yake tafiya a rana ɗaya. Na biyu, kwafin da ake yawo da shi kyauta a zauruka alhali marubuciyarsa ta sa masa farashi, haƙƙin mutum ne, kuma abin yana damuna idan na ga masu ilimi suna tura shi ba tare da jin komai ba. Farashin irin waɗannan labarai ba ya da yawa, kuma marubuta da dama sukan ware wa masu karatu na Nijar hanyar biya ta daban tun da asusun bankinsu na naira ne.

Inda aljihu yake shan wuya shi ne littattafan marubutan ƙasarmu da aka rubuta da Faransanci, domin da yawansu a waje aka buga su, farashinsu kuma da kuɗin Turai aka yanke shi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan littafin yuro 15 ya doshi jika goma tun kafin a ɗora kuɗin sufuri da ribar mai kanti. Duk da haka akwai waɗanda bai kamata ɗan Adar ya rasa karantawa ba. Abboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo, wanda ya fito a 1978, yana magana ne a kan samarin da suke barin gida su tafi bida ƙasashen gaɓar teku, kuma da wuya a sami gida a wannan yanki da bai san wannan tafiya ba. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, bugun L'Harmattan na 1980, ya ɗauko turjiyar Sarauniya Mangu ta Lugu ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, kuma daga gare shi Med Hondo ya yi fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. Sai dai a sani ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi, kada ɗalibi ya kafa hujja da shi kamar littafin bincike. Mai son tarihi tsantsa na wannan ƙasa tamu, aikin Farfesa Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai ta buga a 1975, shi ne madogara. Gros plan na Idé Oumarou da Kotia-Nima na Boubou Hama duka sun ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata, kuma sun cancanci a nema.

Ga irin waɗannan, na hannu ya fi dacewa. Masu shimfiɗa littattafai a bakin titi a Yamai sukan samu tsofaffin kwafi daga hannun malamai da ɗaliban da suka gama, kuma tsohon bugu na asali, ko da bangonsa ya ƙoƙe, ya fi sabon fotokwafi ƙarko da daɗin karatu. Farashi a wurinsu na ciniki ne, yana kuma hawa a lokacin komawa makaranta, don haka wanda ba ya gaggawa ya jira tsakiyar shekara. Fotokwafi ba na ba da shawararsa sai ga littafin bincike da ya ƙare a kasuwa ƙaf, shi ma babin da ake bukata kawai. Kafin a kashe jika goma kuma, yana da kyau a fara aro a ɗakin karatu ko a wurin aboki a ga ko littafin zai zauna. Ƴan fada guda suna iya yin adashi, kowane wata a sayi littafi ɗaya mai tsada ya zagaya hannu, da sharaɗin a rubuta sunan wanda yake riƙe da shi, domin littafin aro ya fi ɓata a hannun masoya.

Mai saya wa yaro yana da ƙarin abin dubawa. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 ta ɗan bambanta da ta Najeriya, misali mu muna rubuta ƴ inda su suke rubuta 'y. Babba ba ya jin wannan bambanci, amma yaron da yake koyon haɗa baƙi gara ya fara da irin rubutun da zai tarar a aji, wato littattafan INDRAP, cibiyar da ke tsara littattafan makarantu, ko na maɗaba'ar Gashingo ta Yamai, wadda take buga littattafai cikin harsunan ƙasa, daga baya ya shiga na Zariya. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina fatan irin waɗannan littattafai za su ƙaru a kasuwa. Gidan da ake karatu da harsuna biyu kuma zai amfana da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, wanda yake cikin abubuwan da takarda ta fi waya a kansu, domin kullum ana komawa gare shi.

Da yake mafi yawan sayayyarmu ta hanyar saƙo ce, ko ta hannun ɗan'uwa mai zuwa Yamai ko direban Ƙonni, kada a wadatu da faɗa masa sunan littafi da baki. A rubuta masa sunan littafin da na marubucin da na maɗaba'ar da adadin juzu'in, domin a littattafan Kano da na intanet ana samun masu suna kusan iri ɗaya. Idan ya isa wurin mai sayarwa, ya turo hoton bango da na shafi ɗaya daga tsakiya da na shafin ƙarshe, a duba tsabtar bugun a tabbata labarin ya kai ƙarshensa, sannan a ce masa ya biya.