Mabuɗin gwangwani da na kwalba: abin da ake samu a Jamus da wanda ya dace a aiko gida

Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu tambaya kan kayan kicin da ya kamata a sako musu a jaka daga Jamus sun fi ambaton blanda da injin gasa burodi, ba kasafai ake tuna mabuɗin gwangwani ba. Alhali a gidan Bajamushe da wuya ka ja aljihun cokula ba ka tarar da shi ba, shi da ɗan'uwansa na kwalba, kuma sau da yawa tsofaffi ne da suka shekara da shekaru suna aiki.

Dalili shi ne a nan abincin gwangwani ya yi yawa: wake, masara, dakakken tumatir, kifi, miya. A gida kuwa abin da aka saba shi ne a kafa tsinin wuƙa a bakin gwangwanin tumatir, a buga ƙotar da tafin hannu, a yi ta yaga. Hakan na dakushe wuƙa, yana barin baki mai kaifi da ke yankan yatsa, wani lokacin ma ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa cikin abinci. Su ma Turawa haka suka fara. An yi rajistar gwangwanin abinci a Ingila a 1810, amma sai da guduma da kurfi ake fasa shi, har Ezra Warner ya yi rajistar mabuɗinsa a Amurka a 1858, William Lyman kuma ya kawo mai faifan yanka a 1870.

Wanda ya fi yawa a kantunan Jamus shi ne mai hannu biyu kamar filaya. Yana da faifai biyu: na sama mai kaifi, shi ke yanka, na ƙasa mai haƙora, shi ke jan gwangwanin. Za ka ware hannayen, ka ɗora mai kaifin a cikin leɓen murfi, mai haƙoran ya shiga ƙarƙashin leɓen daga waje, ka matse har ka ji ya huda, sannan ka murɗa maɓallin ta hannun dama. Gwangwanin ne zai riƙa juyawa, ba kai za ka bi shi ba. Kafin ka kai ƙarshe ka bar ɗan wuri kaɗan bai yanke ba, don kada murfin ya nutse cikin miya, sai ka ɗaga shi da bayan cokali.

In ya fara tsallake wuri ko yana juyawa a banza, yawanci ba kaifi ne ya tafi ba. Busasshen tumatir ko man kifi ne ya cike tsakanin haƙoran, ba sa iya kama leɓen. Tsohon buroshin goge baki da ruwan zafi da sabulu sun isa, a tsane shi sosai, a ɗiga masa man gyaɗa ɗigo ɗaya a kan ƙusar faifan. Abin da ke kashe shi da gaske shi ne a bar shi cikin ruwan wanke-wanke ya kwana, tsatsa ta kama ƙusar. Idan kuma leɓen gwangwanin ne ya lotse saboda faɗuwa, kowane mabuɗi zai tsaya a wurin. Sai ka cire, ka sake kamawa gaba da lotsawar. Masu arha na shagunan yuro ɗaya zuwa biyu, ƙarfensu siriri ne, hannun na lanƙwashewa in ya gamu da babban gwangwanin tumatir irin na masu sayar da abinci. Gara a ƙara kuɗi a sayi wanda aka rubuta wa Edelstahl ko rostfrei, wato ƙarfen da ba ya tsatsa.

Akwai wani samfurin da ke yanka ta gefe, ya raba murfin daga mahaɗarsa ba tare da ya bar kaifi ba, kuma faifan ba ya taɓa abinci. Ya dace da gidan da ke da yara, sai dai wanda bai saba ba zai ɗauka bai yanka ba, don murfin yana nan zaune sai an ɗaga shi.

Na lantarki kuwa, a ganina asarar kilo ne a jaka. Ranar da babu wuta ya zama kayan ado. Na Jamus aƙalla ƙarfin wutarsa ɗaya da tamu, volt 230, kuma fulogonsa mai ƙafa biyu yana shiga soket ɗin Nijar, a Najeriya sai da adafta. Na Amurka na 120 ne, da an jona shi kai tsaye ya ƙone.

Wani zai ce ai yanzu gwangwanaye da zoben ja suke zuwa. Gaskiya ne, sardin da yawancin kifi haka suke, amma masu arha da manya har yau babu zobe, kuma zoben kan tsinke. In ya tsinke, juya gwangwanin ka buɗe ta gindi, muddin gindin na da leɓe. Masu zagayayyen gindi ba sa kamuwa. Madarar ruwa irin Peak, wadda shagunan 'yan Afirka a birnin Hambog na Jamus ke sayarwa, ba ta buƙatar yanka. Huda biyu ake yi suna fuskantar juna, ɗaya ta zuba, ɗaya ta shigar da iska, yadda masu shayi suka sani sarai. Akwai ɗan ƙarfe mai tsini mai kusurwa uku da aka yi don wannan, ɗaya gefen kuma na kwalba ne. Gwangwanin da ya kumbura kuwa kada a buɗe shi, a yar, mai yiwuwa guba ce a ciki. Ragowar tumatir kuma a juye a kwalba, a zuba mai a samansa.

Maganar kwalba ba ta da tsawo. Murfin lemon da muka sani William Painter ne ya yi rajistarsa a Baltimore a 1892, haƙoransa 21 ne a yau, faɗinsa milimita 26, shi ya sa mabuɗin da aka saya a Hambog zai buɗe lemo a Kano ko Maraɗi ba gardama. Jamusawa sun ƙware wajen ɓalle shi da laita ko da wata kwalbar. Mu kuma da haƙori ko gefen benci, na farko yana fasa turame, na biyu yana ɓantare bakin kwalba gilashi ya shiga lemo. 

Ga mai shago, na bango ya fi wanda ake ɗaure wa kiret da zare: ƙusa biyu ke riƙe shi, wani ma da ɗan kwandon tara murafu a ƙasa, kuma ba wanda zai aro shi ya manta. Mai tahowa gida ya saye su a saka a babbar jaka, kada a ta hannu, don mai tsinin ana iya karɓe shi a wurin bincike a filin jirgi.