Wane kibod ya dace da mai shigar da lambobi a Excel?

Mai shigar da makin ɗalibai ko lissafin shago a Excel, hannunsa na dama ne ke ɗaukar nauyin aikin. Don haka kafin a tambayi farashi, a fara duba ko kibod ɗin yana da rukunin lambobin nan na gefen dama, mai madannai 17 da nasa Enter.

Cikakken kibod mai waya, mai madannai 104 ko 105, shi ya fi dacewa da mai aiki a tebur. Yatsu uku na zaune a kan 4, 5 da 6, ɗan tudun da ke kan 5 yana nuna wa hannu mazauninsa ko ba a kalla ba, ƙaramin yatsa na buga Enter, hagu kuma na tsare da Tab. Idan ka cike layi da Tab sannan ka danna Enter, Excel zai sauke ka a layi na gaba, daidai ƙarƙashin gidan da ka fara. Ba ruwanka da linzami, ba ruwanka da batir.

Gajeren nan mai madannai 87 an yanke masa lambobin gefe. A bar wa masu rubutu shi.

Masu laftof ne ke da aiki a gabansu. Galibin masu inci 14 ba su da lambobin gefe. Masu inci 15.6 da yawa suna da su, sai dai a matse, kuma sau da yawa an tsaga kibiyar sama da ta ƙasa gida biyu, har Ctrl da kibiya, wanda ke kai ka ƙarshen bayanai, ya zama wahala. A wasu kuma F2, madannin gyara abin da ke cikin gida, sai an haɗa shi da Fn, in ba haka ba ya taɓa sauti ko hasken allo. Maganin lambobin shi ne ƙaramin kibod na lambobi zalla mai USB, amma a nemi wanda aka ƙara wa Tab da Backspace. A kula: a wasu tsofaffin laftof, kunna Num Lock na ƙaramin kibod ɗin, madannin da ke kunna lambobi, yana mayar da J, K, L na laftof ɗin zuwa 1, 2, 3.

A Nijar, inda tsarin Faransa na AZERTY ya yawaita, lambobin layin sama sai da Shift suke fitowa. A nan rukunin gefe ya zama dole.

A shago, a sa mai kaya ya jona shi da kwamfuta, a buɗe Excel, a cike layi uku. A tabbata akwai Scroll Lock da fitilarsa, domin idan ya kunnu bisa kuskure, kibiyoyi shafin za su riƙa ja maimakon su tsallaka gida, kuma kashe shi a kibod da ba shi da madannin sau da yawa sai an buɗo kibod ɗin kan allo na Windows.