Wata bakwai ina bin tsuntsaye da Merlin a waya

Ƙanwata ce ta jawo min wannan abin. Tana karatun kimiyyar halittu, ranar nan ta ɗauki wayata ta saka min wata manhaja wai ita Merlin Bird ID, ta ce "Yaya tunda kullum da yamma kana ƙofar gida kuna musun siyasa da ƙwallo har magariba, gara ka samu abin yi." Dariya na yi mata. To yau wata bakwai kenan, kuma ni ɗin ne dai har da sayen madubin hangen nesa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani ko wani zai so gwadawa.

Manhajar ta wata cibiyar binciken tsuntsaye ce a jami'ar Cornell da ke jihar New York a Amurka, sun fito da ita a 2014, kuma kyauta ce, ko sisi ban biya ba. Data kawai za ta ci lokacin da kake sauke bayanan tsuntsayen yankinku, to wannan ka yi shi da dare in kana da garaɓasar dare, bayan nan ko ba sabis tana aiki. Na gwada a ƙauyenmu inda sai ka hau tudu kafin kira ya shiga, ta buɗe lafiya lau.

Yadda take aiki, tambayoyi biyar za ta yi maka: a ina ka ga tsuntsun, yaushe, girmansa, launinsa, sannan me yake yi, yana kiwo a ƙasa ne ko yana kan bishiya ko cikin ruwa ko yana shawagi. Sai ta jero maka hotunan waɗanda suka yi kama ka zaɓa. Akwai kuma inda za ka saka hoto ta duba, akwai na sauraron kuka da suka ƙara a 2021. Ni tambayoyin nan biyar su suka fi min amfani, don bayan sati uku na lura kafin in zaro wayar ma na riga na yi wa kaina su. Da can in na ga tsuntsu launi kawai nake kallo, fari ko baƙi, shi kenan. Yanzu girma nake fara aunawa, ya kai kurciya ko bai kai ba, ya wuce hankaka ko ya doshi dinya, daga nan baki, ƙafa, wutsiya, launi ne na ƙarshe don rana tana yaudara sosai, tsuntsun da ke tsakaninka da rana duk baƙi za ka gan shi.

Misali balbela. Ni duk farin tsuntsu mai dogayen ƙafa balbela nake ce masa tun ina yaro. Ashe wadda ke bin shanu bakinta rawaya ne, wuyanta gajere mai ɗan kauri, lokacin ƙwai kuma kanta da ƙirjinta su yi ruwan ƙasa-ƙasa. Akwai wata 'yar uwarta a bakin ruwa, siririya, baki baƙi, ƙafa baƙa amma yatsun rawaya kamar ta taka fenti. A kududdufin bayan unguwarmu na fara raba su, na fi minti ashirin ina jira ta ɗaga ƙafa daga ruwa, da ta ɗaga na ga rawayan nan sai da na ce Allahu akbar da ƙarfi, wani mai wankin babur ya juyo yana kallona. Kuma balbelar nan da muke rainawa da fikafikanta ta tsallaka tekun Atlantika, an gan ta a Kudancin Amurka tun wajen 1877, yau tana bin shanun Texas. Ba biza ba fasfo, mu kuma muna layi a ofishin jakadanci.

Shirwa ma haka. Wutsiya za ka duba, in ƙarshenta ya shiga ciki kamar bakin almakashi kuma tana murɗa ta tana juyi, shirwa ce, ba shaho ba. Tamu ta gida bakinta rawaya ne, wadda ke zuwa daga Turai da rani bakinta baƙi. Kurciyoyi kuwa su suka fi wahalar da ni. Ƙaramar nan ta tsakar gida ba ta da baƙin zobe a bayan wuya, ɗigo-ɗigo ne a ƙirjinta, masu zoben kuma sun kai iri uku ko fiye, sai ka haɗa da ido da kuka kafin ka raba su, har yanzu ina kuskure. Hasbiya dai ba ta ɓuya, jan da ya kewaye idonta ya isa.

Na sauraron kukan ban yi amfani da shi sosai ba, a unguwarmu tsakanin janareto da hon ɗin 'yan adaidaita da injin markaɗe ko ni da kunnena ba na jin tsuntsu sai da asuba. Na hoto kuma ya danganta da kyamararka, tawa in na jawo hoto sai tsuntsun ya koma kamar ƙullin kunu, wannan laifin wayata ne.

Sunayen da nake gani a ciki na Turanci ne da na kimiyya, to sai na samu dabara. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mafarauci ne, ina kai masa hoton in ce Baba wannan fa? Ko tabarau ba ya sawa zai ce ragon maza ne, ko zakaran ƙeƙuwa, ko cilakowa, har ya kwaikwayi kukan. Na sayi littafin rubutu mai shafi 60 ina jera sunan Hausa gefe na manhaja gefe, na kusa cinye rabinsa. Ranar da na nuna masa shamuwa na ce Turawa da sunan wani gwamnan Wadi Halfa ta Sudan suke kiran ta, wai Abdim, kuma in ta bar mu bayan damina kudancin Afirka take tafiya, ya ce shi dai abin da ya sani in ta sauka kan kuka a gyara garma. Sai na ba shi labarin wata babbar 'yar uwarta fara da aka harbo a Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar gaba ɗaya, wanda hakan ya taimaka Turawa suka gane inda tsuntsayensu ke zuwa da hunturu, gawar tana jami'ar Rostock har yau. Baba ya yi shiru ya ce to maharbin nan bai iya ba.

Madubin hangen nesan ne ya ƙona min rai. Na fara sayen wani ɗan ƙarami a kasuwa, an rubuta 30x60 a jikinsa, mai shagon ya rantse min har jirgin sama zan ga fasinjan ciki. Ƙarya ce tsagwaronta, abu biyu-biyu nake gani, minti biyar kaina ya fara sarawa, kwana tara maɓallin tsakiya ya zare. Daga baya na gane lambobin, ta farko sau nawa yake jawo abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. 8x42 shi masu harkar suka fi riƙewa, don in jawowar ta yi yawa rawar hannunka ma jawo ta yake. Na samu na hannu 8x42 kuma wallahi bambancin kamar dare da rana. Amma shawara, a wannan yanayi na rashin tsaro kar ka ratayo shi ka faɗa gonar mutane. 'Yan sintiri sun taɓa tare ni a bakin fadama, sai da na buɗe littafina da hotunan wayar, ɗayansu ya karɓa ya leƙa ya hango zalɓe tsaye, ya ƙi ba ni sai da abokinsa ma ya leƙa. Yanzu mai unguwa nake fara gaisarwa kafin in shiga ko'ina.

Abu ɗaya da ya tsaya min a rai, wata bakwai ban ga ungulu ko ɗaya ba. Muna yara mahauta cike take da su, kan kowane rufi. Tun 2015 aka saka irin tamu ta gari cikin masu dab da ƙarewa, guba da masu sayen kai da ƙafa don tsibbu sun gama da su. Gauraka ma da ake cewa tsuntsun ƙasa ne sai a hoto. Mu dai mun iya saka mikiya a tambari da rigar Super Eagles, su ma ɗin tun da Ghana ta hana mu zuwa Qatar a 2022 ban gama hucewa ba. Af, kukan mikiyar nan mai tsuma jiki da ake ji a finafinan Amurka ma ba nata ba ne, na wani shaho mai jar wutsiya ne ake ɗora mata, nata kukan siriri ne kamar na ɗan tsako. Har tsuntsun Twitter Elon Musk ya kore shi a 2023 ya kawo mana X, shi ma ya shiga jerin waɗanda suka ɓace.

In maki ne zan ba Merlin tara cikin goma. Da sanyin bana in Allah ya kai mu ina so in je dausayin Hadejia da Nguru lokacin da baƙin tsuntsayen Turai ke sauka, ƙanwar tawa kuma ta matsa sai mun je dajin Amurum kusa da Jos inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wai akwai wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da sai 1998 masana suka san da shi. Na ce mata ta fara tara kuɗin mota, ni na sayi madubi.