Na'urar auna hawan jini ta Omron: mai juna biyu da ke da ciwon ƙoda kada ta zauna babu ita

Na'urar nan ta Omron mai ɗaurawa a damtse, wadda na sayo wa ƙanwata a wani kemis a Sabon Gari, gaskiya ta ci kuɗinta duk da tsadar da ta yi. Ƙanwar tawa tana da ciwon ƙoda matakin farko, irin wanda ba ka ganin komai a jiki, sai dai furotin na fita a fitsari, to da ta samu ciki likitan da ke duba ta a asibitin koyarwa na Shika a Zariya ya ce lallai a riƙa auna jininta a gida safe da yamma a rubuta a littafi.

Aiki da ita babu wuya ko kaɗan, ki zauna ki huta minti 5, ki jingina bayanki, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ki danna maɓalli ɗaya shikenan. Lambobin manya ne ko Hajiyarmu tana karantawa ba tabarau. Batir take ci, ruwanta babu da wutar NEPA. Mun kai ta wajen awo aka gwada da ta nas, kusan daidai suka fito. Ku dai lura da girman abin ɗaurawar, na gama-gari na damtse santimita 22 zuwa 32 ne, idan mace mai jiki ce ku nemi babba, don ƙarami yana ɗaga lamba ya tayar wa mutum da hankali a banza. Akwai wata mai araha ta wuyan hannu mara suna da maƙwabciyarmu ta ara mana, kowane gwaji lambarta daban, ban ba kowa shawararta ba.

Abin da ya sa na damu da maganar nan shi ne mutane suna ɗauka tunda ƙodar ba ta lalace sosai ba to babu matsala, alhali ko a mataki na 1 da na 2 haɗarin jijjiga da haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri ya fi na mai lafiya, kuma abin da ya fi nuna inda cikin ya dosa hawan jini ne da furotin ɗin fitsari. Ciki yana ƙara wa ƙoda aikin tacewa da kusan kashi 50 cikin 100, shi ya sa kiriyatinin ɗin mai ciki, wato dattin jini da ake aunawa don ganin aikin ƙoda, yake sauka, idan kika ga nata bai sauka ba ko da takardar lab ta ce daidai yake, a nuna wa likita. Mafi yawan masu matakin farko suna sauka lafiya da ɗansu a hannu, amma da sa ido.

Lambar da muka riƙe: 140/90 a kira likita, 160/110 ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, a ɗauko Keke a tafi asibiti ko tsakar dare ne, musamman bayan sati 20. Da jinin ƙanwata ya fara hawa a littafin muka fara gani tun ranar awo ba ta zo ba, aka gyara mata magani.

Na'urar ba ta auna ƙoda fa, gwajin jini da na fitsari suna nan dole. Maganin hawan jini Lisinopril aka cire wa ƙanwata tun farko aka mayar da ita kan wani mai suna metildofa, aka ƙara ƙaramin asfirin daga sati 12, aka hana ta ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ni kuma tun yanzu na fara lallaɓa Gwaggo kan kunun kanwa na jego, gishirin da ke cikinsa ba na mai ciwon ƙoda ba ne, kuma za mu ci gaba da aunawa har ta yi arba'in don jinin yakan hau bayan haihuwa ma.