Hostin mai cPanel ko VPS: wanne zai raba ka da "Access denied"?

Ɗan'uwa, wanda ya ce maka ka sayi VPS, wato sabar haya da kai ne za ka riƙa kula da ita, don script ɗinka na sayar da data ya daina nuna "Access denied for user" bai yi maka adalci ba. Kada ka saya. Ka zauna a kan hostin ɗinka mai cPanel, wato shafin da kamfanin hostin ke ba ka don sarrafa fayiloli da database.

Ni ma da shi na fara, kuma har yau a kansa shafina yake. Ranar da na ɗauko script daga XAMPP, manhajar gwada shafi a kan kwamfuta, na ɗora shi, kwana na yi ina fama da wannan saƙon, mai lamba 1045. A kwamfutata komai lafiya lau, domin XAMPP da root, akawun mai cikakken iko, yake shiga, babu ko kalmar sirri. A cPanel babu wannan gatan. Sunan database da na mai amfani duk sai an maƙala musu sunan akawun ɗinka a gaba, wato idan ka sa mata vtu, sunanta na gaskiya zai zama kamar akawun_vtu. Ni kuwa vtu tsurarta na bari a fayil ɗin config, inda ake rubuta bayanan shiga database. Da na gyara sai lambar ta koma 1044, wato an karɓi mai amfani amma ba shi da izini a kan database, na ce to, an ci gaba. Sai bayan sallar asuba, shayi ya huce a gefena, idona ya kai can ƙasan shafin MySQL Databases, inda ake haɗa mai amfani da database a ba shi ALL PRIVILEGES. Ashe ban taɓa wurin ba. Dannawa biyu, shafi ya buɗe. Ko sisi ban ƙara ba.

Ka kuma duba kalmar sirrinka. Idan akwai alamar $ a cikinta, kuma ka rubuta ta tsakanin alamun zance masu layi biyu, PHP zai iya ɗaukar abin da ke bayan alamar a matsayin variable, ya aika wa MySQL guntuwar kalma. Sa ta cikin masu layi ɗaya. Wurin host kuma ka bar localhost, sai in kamfaninka ya ba ka wani adireshi daban.

VPS kam na taɓa saya, mai RAM gig ɗaya, na kuma yi da-na-sani. RAM ya cika cikin dare, Linux ya kashe MySQL, na wayi gari da kuskure 2002, wato an kasa haɗuwa da MySQL, da saƙonnin kwastomomi, ga shi babu wanda zan kira sai kaina. VPS yana da ranarsa, idan jama'a sun yi maka yawa har kana cin karo da iyakar max_user_connections, wato yawan haɗin da aka yarda ka yi da database a lokaci ɗaya, a kai a kai. Kai ba ka kai can ba, kuma kuskuren config zai bi ka har can ɗin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan script a guruf-guruf. Wasu tsohon kaya suke sayarwa mai aiki da mysql_connect, wanda aka cire tun PHP 7.0 a 2015. Idan ya ƙi tashi sai su ce hostin ɗinka ne ba shi da kyau, ka sayi nasu. Wasu kuma cewa za su yi ka ba su shiga cPanel su gyara maka, alhali a nan makullin API ɗinka da walat ɗin kwastomominka suke. Idan ka riga ka ba wani, canza kalmar sirrin cPanel da ta database yau ɗin nan, ka sabunta makullin API.

In ka bi waɗannan bai tashi ba, turo mana hoton kuskuren da lambarsa, amma ka rufe kalmar sirri kafin ka turo.