Koyar da tantance labari: darasi na daban ko a cikin kowane darasi?

Yaron da waya ke hannunsa yana cin karo da labarai fiye da abin da malaminsa zai iya tace masa. Hanyoyi biyu makarantu suka bi don koya masa tambayar "wa ya faɗa, kuma da wace hujja?"

Ta farko ita ce a ware darasi na musamman. Tsarin International Baccalaureate, tsarin karatu na ƙasa da ƙasa wanda aka kafa a Geneva a 1968, yana da darasin nazarin yadda ake sanin abu, na akalla awa 100, da rubutun gwaji mai kalmomi 1,600. Amfaninsa a fili yake: akwai lokaci, akwai maki, ba a tsallake shi. Sai dai ɗalibi kan bar tunanin a ajin da ya koye shi.

Finland kuwa, a manhajarta da ta fara aiki a 2016, ta zuba abin cikin kowane darasi. Malamin lissafi ya nuna yadda ake murɗa alƙaluma, na zane ya nuna yadda ake sauya hoto, na tarihi ya kawo tsofaffin takardun farfaganda a yi musu filla-filla. Wannan hanya ta biyu ta fi kwanta mini a rai, domin ƙarya ba ta zuwa da sunan darasi a goshinta. Amma nauyinta na kan malami kacokan. Malaman Finland sai da digiri na biyu suke shiga aji, kuma inda malami ɗaya ke fama da yara ɗari, abin da aka ce na kowa ne yakan rasa mai shi.